Awon da Inna ta yi mini a gindin rumbu

Shekarun baya, lokacin da na samu kujera a wani biro, wato ofis, a Madawa, na aje wani tumbi wanda in na tuna shi yau sai in yi dariya ni kaɗai. In zan shiga ɗaki shi ke fara sallama. In na hau moto, wato babur, shi ke zama a kan tanki, ni in zauna bayansa kamar wanda aka ɗauko. Ɗaure igiyar takalmi kuwa sai na riƙe numfashi, in ɗago ina haki. Kuma kada ku ɗauka kunyarsa nake ji. Alfahari nake da shi, har shafa shi nake yi in ana hira, yadda na ga manyan sarbis, wato manyan ma'aikata, suna yi.

Ba daga sama ya faɗo ba, ni na gina shi da hannuna. Da safe burodi da madara mai sukari wurin mai shayi, da rana shinkafa tana ninƙaya cikin mai, da la'asar shayin abokan aiki na ɗaya da na biyu da na uku, kowane kofi sukarinsa ya kusa tsayar da cokali. Zafin Madawa kuma ya zame mini hujjar shan lemun kwalba mai sanyi duk sa'ad da na ga dama. Tafiyar ƙasa da nake yi a yini ba ta wuce daga ƙofar ɗaki zuwa inda na jingine moto ba. Masallacin unguwarmu ga shi ga gidana, amma a kan moto nake zuwa.

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Allakai, cikin duwatsun ƙasar Buza. Ina yaro siriri nake kamar karan dawa, don haka duk ranar da na je gida da wannan sabon jikin, tsofaffin ƙofar masallaci sai su tare ni da murna.

"Kai, patoro! Lalle Madawa ta karɓe ka. Allah shi ƙara buɗi!"

Patoro a wurinmu shi ne babban mutum mai hali. Wasu har Alhaji suke ce mini, alhali ko Yamai ban cika zuwa ba, balle Makka.

Wanda ya fi kowa jin daɗin tumbin nan ita ce mahaifiyata, ko da yake ba ta taɓa faɗa mini ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna irin matan da ce masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, can na girma. Ba ta zama inda na zauna, ba ta kallon idona, ba ta miƙo mini abu hannu da hannu. In na gaishe ta sai ta amsa tana kallon wani wuri. In tana da saƙo, ƙanwata wadda ke aure a nan cikin garin ce ke kawo shi: "Inna ta ce a ce ma wancan..." Yaran yanzu in na ba su labari sai su ce ai ƙiyayya ce. Ba ƙiyayya ba ce, mu mun san so ne aka rufe shi da zane, amma ba zan ɓoye muku ba, akwai ranakun da ina yaro na yi kishin ƙannena da nake gani a cinyarta.

Akwai wata hanya ta biyu da take yi mini magana, ita ce ta bakin rago. Sana'ar Inna turka ce. Duk shekara takan sayi ɗan rago ramamme ta ɗaure shi a gindin rumbu, ta yi ta ba shi harawa da dusa da kowar wake har ya cika, ta sayar gab da layya. To, in na zo gida na zauna a tabarma, sai ta je wurin ragon tana zuba masa abinci tana yi masa hira da ƙarfi yadda zan ji.

"To, ka ga mutumin Madawa ya zaka. Ya samu wuri, alhamdu lillahi. Kai ma ka ci ka yi jiki kamatai."

Ni kuma in sunkuyar da kai ina murmushi, in ji kamar an ba ni lambar girma.

Wajen sanin dabba babu mai ja da ita a garinmu. Maza ma kiranta suke ta duba musu kafin su saya. Ta san dabarar masu ɗura wa rago ruwan dusa da gishiri daren kasuwa, ya wayi gari ciki tim, mai saye ya ɗauka ƙiba ce. Ita ko kallon cikin ba ta yi. Takan aza hannu a gadon baya, ta bi ƙashin da babban yatsa tun daga wuya har ƙugu, ta matsa cinya, ta kama ƙirji. Sannan ta karkaɗe hannu ta faɗi abin da ta ji. Tun ina ƙarami nake jin tana cewa, "Tumbi ba nama na ba. Ido aka ruɗa, ba a ruɗin hannu." Ban taɓa tunanin maganar za ta shafe ni ba.

Sai na ɗan koma baya in gaya muku yadda mahaifina ya rasu, don in ba haka ba ba za ku gane sauran ba. Baba ƙaƙƙarfan manomi ne mai jiki. Ina lise, wato babbar sakandare, a Tawa ya fara ramewa, yana yawan shan ruwa, rigunansa suna yi masa yawa. Ashe ya je likita a Buza shi kaɗai, an gaya masa ciwon sukari ne, ya dawo ya haɗiye maganar. Duk sa'ad da Inna ta tambaye shi sai ya ce, "Lahiya lau." Ranar da ta gane ba lafiya lau ba ne, da kaka ne, ana zuba hatsi a rumbu. Ya ɗaga dami zai miƙa wa na sama, damin ya kuɓuce masa ya faɗi, shi ma ya zauna a ƙasa. Bai ga wata damina ba. Tun daga nan, a wurin Inna, rama da mutuwa ƴan ɗaki ɗaya ne.

To, wata ranar aiki ina cikin rubutu sai na ga takardar gabana tana juyawa, ƙeyata ta yi nauyi. Aka kai ni likitar unguwa. Babban ma'aikacin wurin, wanda muke ce wa manjo, ya ɗaura mini abin awo a hannu, ya soki yatsana, ya dubi abin da ya fito ya dube ni.

"Tansiyonka ta hau, hawan jini ke nan. Sukari kuma bai shigo ba, amma shina bakin ƙohwa. Akwai mai shi gidanku?"

Na ce, "Shi ya kashe ubana."

Ya aje alƙalami, ya nuna tumbina da baki. "To, wanga shi na ƙohwar. In ka rage shi, ka rage sukari da mai, ka motsa jikinka, ana iya ruhe ta. In ka ƙiya, ni da kai za mu zan abokai, kullum kana nan."

Na fito. A kan hanya na yanke shawara biyu. Ta farko, sai na ga bayan tumbin nan. Ta biyu, Inna ba za ta ji komai ba, don kada hankalinta ya tashi. A lokacin gani nake na yi hankali ƙwarai. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, to ni na gaje shi har wurin ɓoye ciwo, ban ma lura ba.

Da farko shirme na yi. Na ɗauka tunda ci ya kawo ƙiba, rashin ci zai tafi da ita. Na daina karin kumallo, da rana in ci ganyen salati kamar zomo, da dare in sha koko rabin kofi. Sati uku ina wannan azaba, ina masifa a gida, ina hamma a biro. Hannuwana suka zube, wuyana ya yi tsawo, ɗuwawuna ya tafi har kujera tana yi mini ciwo, amma tumbi yana nan daram. Matata ta dube ni wata safiya ina ɗaura zane ta ce, "Maigida, ka yi haƙuri, amma ka koma kamar tulun da anka aza bisa kara biyu." Na yi fushi, sai dai da na dubi madubi na ga ba ta ƙara gishiri ba.

Abokina ne ya cece ni. Malamin wasanni ne a kwalejin garin, mushen sipor muke ce masa, tun firamare muke tare. Da ya ji abin da nake yi sai da ya riƙe ciki don dariya.

"Wa yac ce ka kashe kanka da yunwa? Kai ɗan manomi na, ka san rumbu. Kitsen ga rumbun jiki na, ba ya buɗe shi da sauri. In ka hana mai abinci kwatsam, tsoka za shi hwara ci, ya bar rumbu ruhe. Ka ba tsoka aiki, ka ba ta abincinta, ka hana jiki sukari. Sannan za shi buɗe rumbun don kainai."

Ya kai ni bayan gidansa. Ba wasu injuna ba ne, manyan gwangwanayen tumatir ne ya cika da siminti ya soka musu ƙarfe a tsakiya, sai bido biyu, wato jarkoki, na ruwa, sai reshen dogon yaro da ake lilo a jikinsa ana ɗaga kai sama. Ranar farko na kama reshen na yi ta wutsil-wutsil, ko tafin hannu ɗaya ban ɗagu ba. Kwana uku bayan haka ina sallah a zaune, cinyoyina sun ƙi lanƙwasuwa. Amma na ci gaba. Sau uku a sati ina ɗaga siminti, sauran ranakun bayan sallar asuba mu taka da ƙafa har garaken albasa na bayan gari, wani lokaci mu karɓi guga hannun masu ban ruwa mu ja musu, suna mamakin ma'aikata biyu da suka rasa abin yi.

Abinci kuwa ya ce in ci in ƙoshi, amma in sauya abin da ke cikin kwanon. Wake ya zama abokina, da awara, da dafaffen ƙwai, da nono ba sukari, da kwaɗon zogale mai ƙuli-ƙuli. In na samu hali in sayi kilishinmu na Madawa. Tuwo malmala ɗaya maimakon uku, miya da ganye su fi yawa. Lemun kwalba na sallame shi. Shayi kuma nakan ce a zuba mini nawa kafin a sa sukari, abokan aiki suna ta tsiya wai na koma shan ruwan maɗaci.

Akwai balas a wani farmasi kusa da kasuwa, irin wadda mutum ke hawa ta nuna nauyinsa. Na mai da ita kamar gidan surukai, kullum ina can ina gaisuwa. Watanni biyu na farko ta yi ƙasa kaɗan, na yi murna. Daga nan ta tsaya cik. Wata ɗaya, wata biyu, wata uku, allurar tana wuri guda kamar an kafe ta. Har cire takalmi da hula nake yi, ina fitar da makullai daga aljihu, duk a banza. Na je wurin abokina a fusace na ce na gaji, wahalar banza nake sha.

Ya ce, "Miƙo santir ɗinka."

Na kwance ɗamarar wandona na ba shi. Ya nuna mini huda uku sababbi da na yi da ƙusa ba tare da na ba abin muhimmanci ba.

"Wanga hwa? Balas nauyi ɗai ta sani, ba ta san kitse ba, ba ta san tsoka ba. Kitse na hita, tsoka na shiga, ita tana ganin buhu guda. Ka bar hawanta."

Da na koma wurin manjo ya sake awo, sai ya yi murmushi ya ce abotata da shi ba za ta yi nisa ba. Ranar na dawo gida da ƙafa, ina jin kaina kamar saurayi.

Cikin wannan farin cikin ne ƙanwata ta haihu, na tafi gida suna. Na kusa wata bakwai ban je ba. Kuskuren da na yi, na sa babbar rigar da aka ɗinka mini zamanin tumbi. Ta rataye a jikina kamar an shanya ta a kan danga. Fuskata ta faɗa, ƙashin kumatuna ya fito. Tsokar da nake taƙama da ita duk tana ƙarƙashin shadda, ba mai ganinta.

Tun daga ƙofar masallaci na ji gaisuwa ta sauya. Babu mai cewa patoro. Sai "Sannu, sannu. Ya ƙarhin jiki?" Wani tsoho ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce, "Allah shi sa kahhwara ta." Ina ta cewa lafiyata ƙalau, suna ta gyaɗa kai irin na an ji amma ba a yarda ba.

Na shiga gida na gaida Inna. Ta amsa tana kallon bango kamar kullum, amma na ga ta saci kallona sau ɗaya, tsintsiyar hannunta ta tsaya. Can aka kawo mini ƙwaryar fura. Inna ta san ɗan birni da son zaƙi, don haka in dai tawa ce takan zuba sukari ba awo, ta sa man shanu. Duk zuwan da nake yi sai na ga gindin ƙwaryar nan. Ranar na sha ludayi biyu na rufe da faifai na ture. Aka mayar mata da ita kusan cike. Na jira in ji abin da za ta gaya wa rago. Ta je ta zuba masa harawa, ta tsaya a kansa, ba ta ce uffan ba. Ni da wautata sai na ce to, an wuce wurin.

Bayan na koma Madawa saƙo ya fara zuwa. Duk ranar kasuwa direban garinmu sai ya kawo mini ƙulli. Yau man shanu a kwalba, wani satin gumba, wani satin bido cike da rubutun sha, wani satin sassaƙe da saiwoyi a tsumma. Ina karɓa ina dariya, ina raba wa maƙwabta man shanun. Sai wata rana ƙanwata ta kira ni a waya, muryarta ba yadda na saba ji ba.

"Yaya, don Allah mi ka damunka? Ka gaya min gaskiya."

Na ce, "Lahiya lau ni ke."

Ta ce, "Haka Inna tac ce za ka ce. Tac ce ubanai ma haka yac ce. Yaya, Inna ba ta cin abinci. Tun randa ƙwaryag ga tad dawo cike ba ta ƙara cin tuwo ya kai loma biyar ba. Ita ta rame yanzu, ba kai ba."

Na kashe wayar na zauna a bakin gado. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu, ni kuwa ba tsumma na nuna mata ba, macijin na kawo mata har ɗaki: ga rama, ga ƙin abinci, ga "lahiya lau". Na yi ta fama in tsere wa ciwon Baba, ashe a idon Inna sawunsa nake bi taki-taki. Kunya ta kama ni, da tsoro, don tsohuwa ce, yunwa ba za ta yi mata da sauƙi ba.

Matata ta ce, "Sai ka tahi ka gaya mata da bakinka. Saƙo ba ya yi."

Na ce, "Ta ƙaƙa? Matad da in na zamna ta tashi?"

Ta ce, "Kai ka sani, uwarka ta."

Lokacin kaka ta yi, an gama yankan hatsi ana ɗaurin dammuna. Na ɗauki hutun kwana uku na tafi. A hanya na shirya dabarata, kuma na ji daɗinta ƙwarai. Tunda a gindin rumbu Baba ya faɗi, a gindin rumbu zan nuna mata ni ban faɗi ba. Da na ga Inna sai gabana ya yanke ya faɗi. Zanenta ya zagaye ta har ya yi saura, idanunta sun faɗa.

Washegari amalanke ta kawo dammuna. Mijin ƙanwata ya hau tsani ya tsaya a bakin rumbu yana karɓa. Na tuɓe riga, na bar ƴar shimi, na ce kowa ya matsa. Na rinƙa sunkutar dami ina ɗagawa sama da kai ina miƙa masa, ɗaya bayan ɗaya, ba hutawa. Gaskiya har da burga a ciki, don ina yi ina satar kallon inda Inna ke zaune a ƙofar ɗakinta tana tsintar wake. Na san tana gani. Da aka gama na tsaya ina zufa, ina jiran yabo.

Ƙanwata ta je wurinta, ta dawo kanta a ƙasa.

"Tac ce ubanai ma sai da ya ɗaga huɗu don ta gani, na biyar ɗin na yak kada shi ƙasa. Tac ce namiji in shina ɓoyon ciwo ƙarhi ya ka nunawa."

Duk iskar da ke cikina ta fita. Na ɗaga hatsin gona guda, ban motsa zuciyarta ko kaɗan ba. Na zauna a kan turmin da ke kife a gindin rumbu. Ragon turkarta na bana yana ɗaure kusa da ni, fari mai baƙin kunne, yana tuƙa yana kallona kamar shi ma bai yarda da ni ba. Ina kallonsa sai abin ya faɗo mini. Shekara da shekaru ta wannan hanyar take aiko mini da magana, ni ban taɓa mayar da amsa ta nan ba.

Na gyara murya, na ɗaga ta yadda za ta kai ƙofar ɗaki.

"Kai rago, tunda da kai aka magana gidan ga, saurara. Ka gaya ma uwargijiyarka na yi mata laihi. Na tahi likita. Manjo yac ce ciwon Baba ya biyo ni hab bakin ƙohwa, amma bai shigo ba. Yac ce tumbin da aka yaba min shi na ƙohwar. Na ɓoye don kar hankalinta shi tashi, ashe tashinai niy yi. Ramag ga ni niy yi ta da gangan, kitse niz zubar. Na koma an auna ni, an ce ƙohwa ta ruhe. Hurarta kuwa ban ƙi ta ba, ban taɓa ƙinta ba, sukarin ciki anka hana ni."

Mijin ƙanwata yana kan tsani ya kasa saukowa. Na ji waken da ke faɗawa cikin ƙwarya ya daina ƙara. Sai na ƙarasa.

"Na san ba ta yarda da bakina, tana da gaskiya. Ga takardar manjo aljihuna, amma ba ta karatun boko. Ka tuna mata ɗai, ita ta ka cewa ido aka ruɗa."

Ban waiwaya ba. Na daɗe a haka. Sai na ji takun ƙafa a bayana, a hankali, ya zo ya tsaya. Na ji warin dusa da hayaƙi. Sannan hannu ya sauka a ƙeyata, busasshe, mai kaushi. Babban yatsa ya bi ƙashin bayana tun daga wuya har ƙugu, yana dannawa gefe da gefe. Ya koma kafaɗa ya kama. Ya sauko damtse ya matsa da ƙarfi har na ji zafi, ya saki, ya sake matsawa. Daidai yadda na sha ganin tana yi wa raguna a kasuwa, ba ta rage komai ba. Ni kuwa na sandare a kan turmi, numfashi ma a hankali nake yi don kada ta fasa.

Ta ɗauke hannun, ta karkaɗe shi a zane. Ta zagaya wurin rago ta ɗebi harawa ta zuba masa, ta ba ni baya.

"Nama na," ta ce masa. "Wancan na da, dusa da ruwa ta. An ruɗe ni."

Sannan ta ƙara da cewa:

"Amma ka gaya mai, in ya sake ɓoye min ciwo kamar ubanai, ban yahe ba."

Ta wuce ɗaki. Ni da ƴaƴana uku da furfura a gemu, na kifa kai a gwiwa na yi kuka a gaban rago, ƙanwata tana nata a bakin madafa. Da dare ta zo ta raɗa mini cewa Inna ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari. Da safe aka kawo mini ƙwarya cike fal, fura da nono mai kauri, ba ɗigon sukari. Na sha har na kife ta.

Yau in na tuna, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matar da ba a taɓa cutarta da rago ba, ni ɗanta na ruɗe ta sau biyu, da tumbi da kuma rama. Ba don ba ta da sani ba, sai don kunya ta ɗaure mata hannu ta bar ta da ido kaɗai. Ni kuma na ɗauka ɓoye mata gaskiya tausayi ne. Na gane daga baya cewa wanda ya damu da kai, in ka hana shi labari ba hutar da shi ka yi ba, ka bar shi ne ya ƙirƙiro wanda ya fi muni ya zauna da shi shi kaɗai. Tun daga ranar, ko mura na yi sai rago ya ji.

Har yanzu ina ɗaga gwangwanayen siminti, ko da yake abokina ya ce na fara ha'inci a lissafi. Tumbi yakan leƙo bayan layya, in kore shi. Inna tana nan da ranta, ta tsufa ƙwarai, turka ma yanzu da ƙyar take iya yi. Ba ta kira sunana ba har gobe, ba ta kuma ƙara taɓa ni ba. Kunyarta ta koma inda take kamar ba a yi komai ba, ni ma ban nemi ƙari ba.

Mutane kan tambaye ni kilo nawa na rage, kilo nawa nake yanzu. Wallahi ban sani ba, na daɗe ban hau balas ba. Awon da na yarda da shi sau ɗaya aka yi mini, a kan turmi a gindin rumbu. Shi ne kuma karo ɗaya tak, tun da na yi wayo, da na san yadda hannun mahaifiyata yake.